Tambayoyi da Amsoshi a Kan Koya wa Kare Biyayya da Ladabi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu kiwon kare a gida suka fi maimaitawa, tun daga wanda ya karɓi ɗan kwikwiyo jiya har zuwa wanda ya shekara yana fama da kare mai jan igiya. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma inda wata amsa ta dogara da wata, an nuna hakan a cikinta.

Me ake nufi da biyayya, me kuma ake nufi da ladabi?

Abu biyu ne ake haɗawa a magana ɗaya. Biyayya ita ce kare ya aikata abin da aka umarce shi a lokacin da aka umarce shi: ya zauna, ya kwanta, ya zo idan an kira shi, ya saki abin da ke bakinsa. Ladabi kuwa shi ne halin da yake nunawa ba tare da an ce masa komai ba, wato kada ya yi fitsari a ɗaki, kada ya daka wa baƙo tsalle, kada ya wawuri abinci daga hannun yaro. Akan sami kare mai bin umarni goma a filin horo amma zama da shi a gida ya gagara, domin an koya masa na farkon an manta da na biyun. A zaman yau da kullum ladabin ya fi amfani, ko da yake da umarnin ake gina shi.

Yaushe ya kamata a fara?

Ranar da kwikwiyo ya shigo gida, wanda galibi yakan kasance yana da mako 8 da haihuwa. Ko an yi niyyar koya masa ko ba a yi ba, yana koyo daga duk abin da ya same shi. Akwai kuma wani lokaci na musamman, daga kusan mako 3 zuwa mako 12 ko 14, da yake karɓar sabon abu ba tare da tsoro mai yawa ba. John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekaru suna nazarin 'yan kwikwiyo a cibiyar bincike ta Jackson da ke jihar Maine a Amurka, suka fitar da sakamakon aikinsu a 1965, kuma binciken da aka yi a wannan cibiya ya nuna cewa kwikwiyon da ya kai mako 14 bai yi hulɗa da mutum ba yakan tashi da tsoron mutane wanda cire shi yake da matuƙar wuya. Saboda haka aikin makonnin farko ya fi karkata ga saba masa da duniya: maza da mata, yara da tsofaffi, ƙarar mota, taɓa ƙafa da kunne da baki, duka a hankali kuma cikin jin daɗi.

A nan akwai wata matsala ta gaske. Allurar rigakafi takan fara ne tsakanin mako 6 zuwa 8, ba ta kammala sai wajen mako 16, wato lokacin sabawar yana ƙarewa kafin kariyar ta cika. Mafita ita ce a fita da shi a ɗauke a hannu, a haɗa shi da karnuka masu lafiya waɗanda aka yi wa rigakafi, a kuma nisantar da shi daga wuraren da karnukan da ba a sani ba suke kashi, domin ta nan cutar parvo mai kashe 'yan kwikwiyo take yaɗuwa. Kulle shi a ɗaki har sai ya cika wata 4 yana kare shi daga cuta ɗaya, amma yana jawo masa tsoron da zai iya bin sa har tsufa.

Ta wace hanya kare yake koyo?

Ta hanya biyu, kuma duk sauran amsoshin nan a kansu suka dogara. Ta farko ita ce danganta abu da abu. Ivan Pavlov, masanin ƙasar Rasha wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci, ya lura cewa karnukan ɗakin gwajinsa suna dalalar da miyau tun kafin abinci ya iso, da zarar sun ga alamar da ta saba zuwa kafinsa. Haka karen gida yake murna idan ya ji motsin igiyarsa, yake kuma rawar jiki a ƙofar asibitin dabbobi. Wannan hanya ita ce take gina abin da kare yake ji game da mutum ko wuri.

Ta biyu ita ce koyo daga sakamako, wadda Edward Thorndike ya fara bayyanawa a ƙarshen ƙarni na 19, B. F. Skinner kuma ya faɗaɗa ta daga baya: aikin da ya jawo wa dabba abin da take so yakan ƙaru, wanda bai jawo mata komai ba yakan ragu. Sharaɗin da mutane suka fi karyawa shi ne na lokaci. Sakamakon ya zo cikin daƙiƙa 1 ko 2 bayan aikin, in ba haka ba kare zai danganta shi da wani abu dabam. Wanda ya ce wa karensa ya zauna, ya tafi ɗauko lada, ya dawo ya ba shi bayan ya riga ya miƙe, miƙewar ya biya.

Wane irin lada ake ba shi, kuma ba toshiyar baki ba ce?

Lada shi ne duk abin da karen yake so a wannan lokacin, kuma shi ne mai yanke hukunci a kan haka. Abinci ya fi sauƙin aiki saboda ana iya maimaita shi sau ashirin cikin minti biyu, amma wasan ja-in-ja, da jefa ƙwallo, da buɗe ƙofa, da barin sa ya shinshina bishiya, duka lada ne. Guntun abincin ya zama ƙanƙane kamar ƙwayar wake, kuma likitocin dabbobi suna shawartar kada irin wannan ƙari ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci a rana. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗebi wani abu daga abincinsa na yini a yi horon da shi. Cakulan, da inabi da zabibi, da albasa, da sinadarin zaƙi na xylitol guba ne ga kare, kada a ba shi ko kaɗan.

Bambancin lada da toshiyar baki yana ga lokacin da abin ya bayyana. Idan sai an nuna masa nama sannan zai zauna, an sayi zaman ne. Idan ya zauna sannan naman ya fito daga aljihu, an biya shi aikinsa. Da zarar ya ƙware a wani umarni, sai a daina biyan kowane karo, a riƙa biya jefi-jefi, ana fifita karon da ya fi kyau. Aikin da ake biya ta haka ya fi daɗewa bai mutu ba. Amma daina biya gaba ɗaya kuskure ne, domin aikin zai dusashe sannu a hankali.

Da wane umarni ake farawa, kuma yaya ake koyar da shi?

A fara da sunansa: a kira sau ɗaya, idan ya waiwayo a ba shi lada. Sai zama. A riƙe abinci dab da hancinsa, a ɗaga shi sama a hankali zuwa bayan kansa. Yayin da hanci ya bi abincin, gindi yakan sauka da kansa, a nan take a yabe shi a ba shi. Bayan karo biyar ko shida sai a yi motsin da hannu ba komai a ciki, ladan ya fito daga ɗaya hannun. Kalmar “zauna” ba ta shigowa sai an tabbata zai zauna, kuma a faɗe ta sau ɗaya kafin motsin hannun. Mai cewa “zauna, zauna, zauna” yana koya wa karensa cewa sai a karo na uku ake zama. Daga nan a bi da kwanta, tsaya, zo, bari da saki.

Zaman horo na minti 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a rana, ya fi awa guda a ƙarshen mako. Mutanen gida kuma su daidaita a kan kalmomi ɗaya da dokoki ɗaya, domin idan ɗaya ya hana shi hawa kujera ɗaya ya ƙyale shi, abin da zai koya shi ne duba wanda ke ɗakin kafin ya hau.

Mene ne amfanin ɗan abin nan mai ƙara (clicker) da masu horo suke ƙyastawa?

Maganin matsalar lokaci ne da aka ambata a amsar yadda kare yake koyo. Hannu ba ya iya kai abinci baki a daidai daƙiƙar da kare ya yi daidai, amma sauti yana iyawa. Ana koya masa cewa duk sanda ya ji ƙarar, lada yana tafe, daga nan ƙarar ta zama alamar da ke nuna masa takamaiman abin da ya jawo ladan. Keller da Marian Breland, ɗaliban Skinner, su ne suka fara fitar da wannan dabara daga ɗakin gwaji a shekarun 1940, sannan Karen Pryor, wadda ta horar da dabbobin ruwa na dolfin a Hawaii, ta yaɗa ta tsakanin masu karnuka. Gajeriyar kalma kamar “yawwa” tana yin wannan aiki, muddin ana faɗin ta iri ɗaya kuma lada yana bin ta kowane karo.

Yaya zan hana shi fitsari da kashi a cikin ɗaki?

Da yawan fitar da shi da kuma sa ido. A kai shi wuri ɗaya da zarar ya farka, da bayan ya ci ko ya sha, da bayan wasa, da kafin barci, a tsaya tare da shi har ya gama, a ba shi lada a nan wurin kafin a koma ciki. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne kwikwiyo yana iya riƙe fitsari kamar awa ɗaya ga kowane wata na haihuwarsa, don haka ɗan wata 2 ba zai jira daga safe zuwa rana ba. Idan ba mai kallonsa, a ajiye shi a keji ko ɗan killataccen wuri daidai jikinsa, domin kare ba ya son ɓata inda yake kwana, amma kada a bar shi a ciki fiye da yadda mararsa za ta ɗauka.

Idan an kama shi yana yi, a ɗauke shi cikin natsuwa a fitar. Idan an tarar ya riga ya yi, a wanke wurin sosai har wari ya fita, domin warin ne yake dawo da shi. Cusa hancinsa a cikin ƙazantar ba ya koya masa komai sai ɓoyewa bayan kujera. Karen da ya riga ya koya sannan ya koma yin fitsari a ɗaki kuwa, likita ya kamata ya fara gani, saboda ciwon mafitsara yakan zo da haka.

Idan na dawo na tarar da ɓarna yakan sunkuyar da kai. Ba alamar ya san laifinsa ba ce?

Alexandra Horowitz ta gwada wannan a 2009 a kwalejin Barnard da ke New York. Masu karnuka suka hana karnukansu cin wani abinci suka fita, bayan sun dawo aka gaya musu ko karen ya ci ko bai ci ba, wani lokaci da gangan aka gaya musu abin da ba haka ba ne. Sunkuyar da kan ta fi bayyana ne a inda mai karen ya yi faɗa, ko karen ya ci ko bai ci ba, har ma waɗanda ba su ci ba aka tsawata musu sun fi nuna ta. Abin da ake gani lallashi ne na dabbar da ta karanta ɓacin rai a fuska da murya. Hukuncin da ya zo awa uku bayan ɓarna, da dawowar mai gida kare zai danganta shi.

To duka da tsawa ba sa aiki ne?

Suna dakatar da abu a nan take, shi ya sa mutane suke ganin kamar sun yi aiki. Sai dai ba sa gaya wa kare abin da ake so ya yi a maimakon wancan, kuma ta hanyar dangantawa suna haɗa tsoro da hannun mai shi. A wani bincike da Meghan Herron da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Pennsylvania a 2009, masu karnuka da dama sun ba da rahoton cewa karnukansu sun mayar da martani da faɗa lokacin da aka doke su ko aka danne su ƙasa. A 2021 ƙungiyar likitocin dabbobi masana halayyar dabba ta Amurka ta fitar da matsayi cewa horo da lada shi ne ya kamata a bi ga kowane kare, kuma yankin Wales na Birtaniya ya haramta abin wuya mai ba da wutar lantarki tun 2010.

Wannan ba ya nufin a bar kare ya yi abin da ya ga dama. Ana hana shi ta hanyar toshe masa damar yin ɓarnar, da janye abin da yake so: idan ya yi cizo wasa ya ƙare, idan ya yi tsalle gaisuwa ta tsaya.

An ce dole in nuna masa ni ne shugaban garke. Gaskiya ne?

Wannan magana ta samo asali ne daga nazarin da Rudolf Schenkel ya yi wa kyarketai a gidan namun daji na Basel a Suwizalan, ya wallafa a 1947. Kyarketan nan an tara su ne a wuri ɗaya cikin kulle, don haka suka riƙa faɗa a kan matsayi. David Mech ya yaɗa wannan fahimta a 1970, amma bayan ya shafe damuna da dama yana kallon kyarketan daji a tsibirin Ellesmere na Kanada, shi da kansa ya rubuta a 1999 cewa garken daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Ga shi kuma kare ba kyarkeci ba ne. Karen da ya riga mai shi fita ƙofa waje yake ɗoki, ba sarautar gida yake nema ba. Abin da ke da amfani a cikin maganar shi ne cewa abinci da fita da wasa suna hannun mutum, kuma yana iya sa kare ya zauna kafin ya sami kowannensu.

Kwikwiyona yana cizon hannu yana tauna komai. Zai daina?

Zai ragu sosai. Yana da haƙoran yarinta 28 waɗanda yake famfarewa daga kusan wata 3 ko 4, haƙoran girma 42 su maye gurbinsu kafin ya cika wata 7, kuma a tsakanin nan dasashinsa yana damunsa. A tanadar masa abin taunawa, a miƙa masa duk sanda ya nufi hannu. Idan haƙori ya taɓa fata a tashi a bar shi na rabin minti, sannan a dawo. Takalmi da waya a ɗauke su daga inda zai kai. Kwikwiyo yana buƙatar barcin awa 18 zuwa 20 a rana, kuma yawancin cizon yamma mai kama da hauka gajiya ce ta wanda ya kamata a ce yana barci.

Yaya ake hana jan igiya?

Kare yana ja ne domin jan yana kai shi inda yake so. Dokar ita ce igiya a miƙe ba ta tafiya: da zarar ta miƙe a tsaya cak, idan ya sassauta a ci gaba, a kuma riƙa ba shi lada a gefen ƙafa yayin da yake tafiya a nan. Kwanakin farko tafiyar minti biyar takan ɗauki rabin awa, a nan ne yawancin mutane suke sarewa. Idan ana ƙyale shi ya ja a ranar da ake sauri, an biya jan jefi-jefi, kuma amsar lada ta nuna yadda irin wannan biya take ƙarfafa aiki. Ɗamarar ƙirji wadda ake ɗaura igiya a gabanta tana rage ƙarfin jan ba tare da shaƙe maƙogwaro ba. A ba shi lokacin shinshinawa, domin da hanci yake karanta hanya.

Ba ya zuwa idan na kira shi. Me zan yi?

A duba abin da zuwan yake jawo masa. Idan kira yana nufin ƙarshen wasa, ko wanka, ko faɗa, ƙin zuwansa hankali ne. A sake ginawa daga cikin ɗaki da lada mafi daɗi, sannan a tsakar gida, sannan a waje da igiya mai tsawon mita 5 zuwa 10. A riƙa kiran sa, a ba shi lada, a sake shi ya koma wasansa, har ya gane cewa zuwa ba ya raba shi da komai. Kada a taɓa tsawata wa karen da ya zo, ko da ya ɓata minti ashirin kafin ya zo, domin zuwan shi ne aikinsa na ƙarshe kuma shi za a hukunta. Bin sa da gudu wasa ne a wurinsa. A juya a gudu ta wata fuska, galibi zai biyo.

Yana bin umarni a gida amma a waje kamar bai taɓa ji ba. Taurin kai ne?

Da wuya. Kare yana koyon umarni ne haɗe da wurin da aka koya masa, don haka zama a ɗaki da zama a bakin titi darasi biyu ne a wurinsa. Akwai abu uku da ake ƙarawa: tsawon lokacin da zai riƙe umarnin, da nisan mai ba da shi, da abubuwan da ke ɗauke hankali. A ƙara ɗaya a lokaci guda, kuma duk sanda aka ƙara ɗaya a sassauta sauran. Idan ya kasa sau biyu a jere, an yi gaggawa, a koma baya taki ɗaya.

Daga kusan wata 6 zuwa wata 18 kuma akwai balaga, lokacin da karen da ake alfahari da shi yakan zama kamar an musanya shi. Abin yana wucewa. A mayar da doguwar igiya, a ƙara lada, a ci gaba.

Yaya zan yi da tsalle a kan baƙi da yawan haushi?

Mai tsalle kulawa yake nema, kuma ture shi da tsawa duka kulawa ne. A juya masa baya, a gaishe shi sai ƙafafunsa huɗu suna ƙasa, a kuma koya masa zama a matsayin hanyar gaisuwa. A sani cewa aikin da aka daina biya yakan tsananta kafin ya mutu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da yake ƙara ƙarfi idan ba a buɗe ba. Wanda ya sare a wannan gaɓa ya koya wa karensa cewa ƙarin ƙarfi ne yake biya.

Haushi kuwa iri-iri ne, kuma maganinsa yana bin dalilinsa. Na faɗakarwa yana raguwa idan aka tare masa ganin masu wucewa aka koya masa zuwa shimfiɗarsa bayan haushi ɗaya ko biyu. Na neman abu yana mutuwa idan ba a biya shi ba. Na zaman banza yana buƙatar motsa jiki da wasan neman abu da hanci. Na tsoro da na kaɗaici suna cikin amsoshi biyu masu zuwa.

Yana gurnani idan an matso kusa da abincinsa. In hukunta shi?

A'a. Gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka doka saboda gurnani yakan daina gargaɗin ya wuce kai tsaye zuwa cizo, alhali abin da ke damunsa yana nan. Abin da ake canzawa shi ne yadda yake ji game da matsowar mutum. A tsaya nesa inda bai damu ba, a jefa masa abin da ya fi wanda ke cikin kwanon daɗi, a wuce, a rage nisan a hankali cikin kwanaki ko makonni. Haka ake yi da tsoron baƙi ko na wasu karnuka: daga nesa, da lada, ba tare da tilastawa ba. Ƙwace kwano don a gwada shi yana tabbatar masa da abin da yake tsoro ne.

Kafin gurnani akwai alamomin da suka fi shi laushi: lasar leɓe, hamma ba ta barci ba, kau da kai, bayyanar farin ido, sandarewar jiki. Kaɗa wutsiya ma tashin rai take nunawa, wanda zai iya zama na murna ko na faɗa. Ya kamata yara su koyi barin kare idan yana ci ko yana barci, kuma kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai komai kyawun halinsa.

Yana kuka da ɓarna idan an bar shi shi kaɗai. Ramuwa yake yi?

Firgici ne, musamman idan ɓarnar a jikin ƙofa da taga take kuma tana farawa jim kaɗan bayan fita. Ɗaukar bidiyonsa da waya yana raba wannan da ɓarnar zaman banza. Ana magance shi da fita ta daƙiƙoƙi, a dawo kafin ya rikice, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma a lokacin horon a guji barin sa na tsawon da ya fi ƙarfinsa. Mai tsanani yakan buƙaci magani daga likita tare da horon.

Tsohon kare yana koyo? Kuma jinsi yana da tasiri?

Yana koyo har ƙarshen rayuwarsa, sai dai canza halin da aka shekara ana biya ya fi gina sabo ɗaukar lokaci. Jinsi, wato nau'in kare, yana nuna abin da ya fi karkata gare shi: na kiwo yana son tare abin da ke motsi, na farauta yana bin wari, na gadi yana ɗari-ɗari da baƙo. Wata karya mai suna Chaser, jinsin Border Collie, wadda John Pilley ya horar a jihar Carolina ta Kudu, ta haddace sunayen abubuwa 1,022, amma bayan shekaru na aikin awanni a kowace rana. Tsakanin karnukan jinsi ɗaya ma akwai bambanci mai yawa.

Yaushe ya kamata a nemi ƙwararre?

Idan kare ya ciji mutum ko yana kai hari, idan tsoronsa yana ƙaruwa, ko idan halinsa ya canza farat ɗaya. A irin na ƙarshen likitan dabbobi ake fara gani, domin ciwon haƙori ko na kunne ko na gaɓoɓi yakan mayar da kare mai haƙuri mafaɗaci. Wajen zaɓar mai horo, a tambaye shi abin da yake yi idan kare ya yi daidai da abin da yake yi idan ya yi kuskure, a nemi kallon darasinsa kafin a ba shi kare, a kuma yi hattara da mai alkawarin gyara kowane kare cikin 'yan kwanaki. Kafin gyaran ya kankama, a saba wa karen da takunkumi irin na raga wanda zai iya haki da shan ruwa a cikinsa, ana sa lada a ciki har ya riƙa cusa bakinsa da kansa.

Idan cizon ya huda fata, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a je asibiti a ranar, a kuma tafi da bayanin rigakafin karen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na ciwon haukan kare da ke kama mutane daga karnuka yake fitowa, kuma allurar da ake yi bayan cizo tana aiki ne kafin alamomin ciwon su bayyana.